Injin MGB ba farantin lamba: yaya kuka gano shekarar naku?

Mai jar MG, Jos: Assalamu alaikum. Na gaji MGB, wata motar kamfanin MG na Ingila, daga baffana, ta fi shekara 20 a ƙarƙashin rumfa. Sitiyarinta a dama yake, da alama ta shigo kafin a sauya hannu a 1972. Makon jiya muka sauke injin, sai na tarar inda farantin lamba yake zama, a gefen fulogi, ramukan ƙusa biyu kaɗai suka rage. Mai sayar da kaya a Ingila ya ce ba zai turo boris da gasket ba sai na faɗa masa samfurin injin, wato 18G ne, 18GB ko 18V, da kuma ko harafin H ko L ke cikin lambarsa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Tsohon bakanike, Panteka: Wa alaikumus salam, ɗana. Farantin nan na alminiyom ne, soda kuma cinye shi take yi. Ni da hannuna na taɓa jiƙa bulon wani Alhaji a ruwan soda ya kwana, da safe na ɗago shi fes, farantin ya narke. Har yau abin yana damuna, don ko a takarda ban kwafe lambar ba.

Ga yadda na fita. Na kifa injin, na cire kwanon baƙin mai, na ƙirga murafun da ke riƙe da karanshaf. Daga 1962 da aka fara motar a garin Abingdon na Ingila zuwa Oktoban 1964, uku ne, wato 18G da 18GA. Daga 18GB suka zama biyar. Tun kafin ka buɗe ma, leƙa gefen kafireta can baya: mai uku yana da mazaunin wayar da ke juya agogon gudun inji, mai biyar ba shi da shi, don nasa agogon da lantarki yake aiki. Na Alhajin uku na samu, kuma kayansa ba sa shiga na mai biyar ko kusa.

Ɗan Zariya a Birmingham: Baba ya faɗi gaskiya. Ni fenti ne ya yaudare ni. Na sayi mota samfurin 1966, injinta ja mai duhu kamar yadda na zamanin suke fitowa, na yi ta murna. Ranar da na sa burushin waya da kananzir a bayan sitata, sai ga baƙin fenti a ƙarƙashin jan. Baƙi kuwa launin 18V ne, wanda aka fara a 1971. A gefen bulon kuma na ga ɗan murfi da aka toshe mazaunin famfon fetur da shi, alhali MGB famfon lantarki na kamfanin SU take amfani da shi. Mazaunin ya zo ne saboda wata mota, Morris Marina, ita ma da wannan bulon take tafiya. Wani ya musanya injin tun da daɗewa ya shafe shi da ja. Motar tana tafiya lafiya, amma kuɗin mai inji na asali na biya.

Idan ka kankare ka ga ruwan zinari, wannan Gold Seal ne, injin da kamfanin ya sake ginawa ya sayar a madadin wanda ya mutu.

Mai wayarin, Kano: Ku duba kayan lantarki na kamfanin Lucas. Dainamo da sitata suna ɗauke da wata da shekara a jikinsu. Sai dai su ake fara canzawa, don haka ni shaida ta biyu nake ɗaukarsu.

Ɗan Zariya a Birmingham: Na manta: da lambar jikin motar na nemi takardar tarihi daga ma'ajiyar gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila. Ita ta nuna mini ranar da aka haɗa tawa da lambar injin da ta fito da shi.

Mai jar MG, Jos: Allah ya saka da alheri. Yau mun buɗe. Murafu biyar, babu mazaunin waya, ja ne har ƙarfe, babu baƙi a ƙasa. A saman kan injin an zuba lamba 12H1326, dainamo kuma 3 66, wato Maris 1966. Ina ganin 18GB ne, tsakanin ƙarshen 1964 da 1967. Baba, saura harafin H ko L da mai kayan ke tambaya.

Tsohon bakanike, Panteka: Madalla, ɗana. H injin da fistin ke matse iska da fetur sosai ne, ninki 8.8, L kuma ninki 8 ne, irin wanda ake turawa ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi. Cire kan injin, ka goge saman fistin ɗaya da kyau. Na L kwarminsa ya fi zurfi. Ɗora ruler a kai, ka auna zurfin, ka ɗauki hoto ka tura wa mai kayan kafin ka biya ko kwabo.