Ƙugi na shiga muryata idan ina ɗaukar waƙa a ɗaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar sauti ku taimaka min, abin ya ishe ni.

Ina ɗan rera waƙa a gida, ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Kayan aikina makirfo ne irin BM-800, da ƙaramin sawun kad (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta), sai tsohuwar laftof da na sa wa manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. Matsalar ita ce wani ƙugi mai kauri, "huuum", da ke kwance a ƙarƙashin murya tun daga farko har ƙarshe. Na lura idan na zare cajar laftof ɗin sai ya ɓace ɗif, ina mayarwa ya dawo, kuma ya fi tsanani idan janareta muka tayar. To batirin ya mutu, minti 15 ba ya kaiwa, ko amshi ban gama ba ta ɗauke.

Na canza wayar da ke haɗa kayan, na kashe fanka ina ta zufa kamar mai dakan sakwara, har katifa na jingina a bango na rataya bargon Hajiyarmu a ƙofa. Amsa-kuwwar ɗakin ta ragu sosai, amma ƙugin yana nan daram. Da na matsa wajen goge hayaniya kuwa, sai muryar ta koma kamar ina waƙa cikin randa.

Wani ya ce rashin wayar ƙasa ce (wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa) a soket ɗinmu. Shin gyaran wutar zan yi, ko sabon batiri, ko makirfon ne bai dace da wannan wuta tamu ba? Kuɗin abu ɗaya kawai nake da shi.

Na gode, Allah ya saka da alheri.