Na sayi faifan Japan ta gidan waya, ina zargin jabu ne, ga wani kwalin kuma an riƙe

Bashari B6:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah kar a yi mini dariya, tun jiya barci ya ƙaurace mini.

Shekarata shida a Birmingham, ina aikin dare a wani sito. Da na zo ban san komai ba a kiɗan Turawa, ni da na tashi a Fagge da kalangu. Wani dattijo Bature da muke ɗaga kaya tare, ɗan unguwar Aston, shi ya fara ba ni aron faifan ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, yana ta cika baki wai a unguwarsu aka haifi kiɗan heavy metal a 1968. Ya ba ni labarin mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yadda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin, amma bai ajiye jitar ba. Ni kuwa a makon nan ƙarfe ya murƙushe mini babban yatsa, ina fama da bandeji, sai labarin ya shige ni. Dattijon ya yi ritaya bara, ya bar mini faifai 30 kyauta. Yanzu ina da 140, na jera su a kantar da maiɗakina ta so ta sa kwanukanta.

To makonni uku da suka wuce na ga wani yana sayar da faifan CD mai suna Master of Puppets na ƙungiyar Metallica, bugun Japan na farko, na 1986. Fam 95 muka daidaita. Jiya ya iso. Babu obi, takardar ciki sabuwa fil kamar yau aka buga ta, launin hoton kuma ya yi duhu. Na rubuta masa sau huɗu, shiru kake ji. Na biyu, na yi odar faifai 11 da riga ɗaya daga wani kamfani a Jamus, yanzu masu kai kaya sun ce sai na biya fam 44 kafin su kawo. Maiɗakina ba ta san da ko ɗaya ba. Ya zan yi?

Abu Zongo:
Wa alaikumus salam. Wane ne Obi kuma? Na Sabon Gari? Shi ya sayar maka?

Kawu Na-Hamburg:
Abu, kai dai ka yi shiru idan manya na magana. Obi wata 'yar takarda ce da Japanawa ke naɗawa a gefen kwalin faifai, a kanta ake rubuta farashi da bayani da harshensu. Idan babu ita, daraja ta faɗi warwas, ko da faifan na ainihi ne.

Bashari ɗana, shekara 27 ina wannan harka, ka saurare ni. Juya faifan ka haska shi da fitilar waya, ka dubi zoben da ke kusa da ramin tsakiya. Akwai rubutu ƙanana a wurin, su ne shaidar masana'antar da ta buga shi. Bugun farko na wannan faifai CBS/Sony ne suka fitar, lambarsa tana farawa da 32DP, wato yen 3,200 kuɗinsa a lokacin. Wanda aka sake bugawa daga baya 25DP ne. Faɗa mini abin da ka gani. Kuma ka faɗa mana a ina ka gamu da mutumin nan, da wace hanya ka biya shi, don ka tsallake wannan.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da na sani, duk faifan da ba shi da lambar IFPI, wato lambar shaidar masana'anta, a cikin zoben nan jabu ne. Duba kawai, magana ta ƙare.

Kawu Na-Hamburg:
Ga irinta nan. Wa ya koya maka wannan? Lambar IFPI sai 1994 aka fara sa ta. Faifan 1986 idan ka ga IFPI a jikinsa, to ba bugun farko ba ne. Ka juya maganar kai a ƙasa, kana neman ka sa yaro ya zubar da zinariya ya rungumi tagulla.

Bashari B6:
Kawu na duba. A bayan kwalin an rubuta 32DP. A zoben faifan akwai rubutu amma ya dushe, ban iya karantawa ba. Ban ga IFPI ba. Bayan faifan fari ne kamar azurfa, ba kore ko shuɗi ba irin wanda ake kwafa a kwamfuta. Kenan na ainihi ne?

Kawu Na-Hamburg:
Kar ka yi saurin murna. Masu jabu na gaske ba da kwamfuta suke kwafa ba, masana'anta suke kaiwa a buga musu, ya fito fari tas. Shiga Discogs, dandalin intanet na bayanan faifai, ka nemo shafin wannan bugun, mutane sun sa hoton zoben, ka gwada harafi da harafi. Har yanzu ba ka faɗi yadda ka biya ba.

Maman Ilham:
Ni ba ruwana da zobe ko obi. Fam 95 kan faifai ɗaya, Bashari? Ka san nawa ne wannan a naira? Kuma matarka ba ta sani ba. Haka Baban Ilham ya yi mini da agoguna, kullum ɗan kwali na shigowa, in na tambaya ya ce na abokinsa ne aka sa adireshinmu. Sai da kuɗin haya ya gagara na gano agogo 14 a cikin akwatin da muka zo da shi daga Kaduna. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, ɓoyon ne. Har yau in na ji an buga ƙofa gabana faɗuwa yake. Ka faɗa mata tun kafin ta ga takardar banki.

Bashari B6:
Anti, da kuɗin aikin ƙarin lokaci na saya, ban taɓa na cefane ba. Ba na shan taba, ba na caca, ba na zuwa kallon ƙwallo. Wannan kaɗai ne abin da nake hutawa da shi. Kuma faifan nan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne na ƙarshe da Cliff Burton, mai kaɗa wa Metallica jitar bass, ya yi da su kafin motarsu ta kife a Sweden a watan Satumba na 1986 ya mutu.

Maman Ilham:
To Allah Ya sa ta gane Cliff ɗin.

Malam Shehu:
Ɗan'uwa, ni nasiha zan yi maka. Na taɓa ganin hotunan da ke jikin irin faifan nan a wani shago, ƙoƙunan kai da kaburbura da abubuwan da ba su da daɗin gani. Kana da yara a gida. Wataƙila wannan asarar tunatarwa ce.

Bashari B6:
Malam na gode, amma ba fatawa na zo nema ba. Waƙoƙin da ke cikin wannan faifan ma kan illar ƙwaya da yaƙi suke magana.

Kawu Na-Hamburg:
A bar wa'azi a koma kan kwali. Wannan laifinka ne, ba na kowa ba. Tun 1 ga Janairu 2021 da Ingila ta gama ficewa daga tsarin kasuwar Turai, kayan da bai wuce fam 135 ba a wurin saye ake cire harajinsa. In ya wuce, sai ya iso a caje ka kashi 20 cikin ɗari, masu kai kaya kuma su ɗora ladansu a kai. Da ka raba odar gida biyu da ba ka ga wannan takarda ba. Ni nan Jamus ina oda daga kamfanonin Nuclear Blast da EMP, kwana biyu kaya na ƙofata, babu kwastan babu komai. Ku kuka zaɓi Ingila. Biya ka karɓi kayanka.

Ɗan Damagaram:
Ni na ce kar ya biya. Ya bari a mayar musu, su dawo masa da kuɗinsa, ya sake oda kaɗan-kaɗan.

Kawu Na-Hamburg:
Su cire kuɗin aike zuwa da dawowa, ya tashi da me?

Ɗan Damagaram:
Ai gara haka da a saba maka da biya. Ni bara na aika wa ƙanena kwalin magani da takalma daga Liyon ta Faransa, wata biyar ana ce mini yana hanya. Da ya isa, takalmi ƙafa ɗaya ne a ciki. Ƙafa ɗaya! Wa zai saci ƙafa ɗaya? Tun daga nan sai in ga mai tafiya gida in ba shi a hannu.

Zee Manchester:
Yaya Bashari, tambaya ɗaya. Kana zaune a garin da aka haifi kiɗan, akwai katafaren shagon faifai na HMV da aka buɗe a nan Birmingham a 2019, ga shagunan gwanjon faifai, ga ranakun da masu sayarwa ke haɗuwa su baje koli. Ka riƙe faifai a hannunka ka duba kafin ka ba da ko kwabo. Me ya kai ka wurin wanda ba ka taɓa gani ba? Ni ma dai ban ga amfanin CD ba, duk waƙoƙin suna waya.

Kawu Na-Hamburg:
'Yar nan, waya ba ta ba ki abin da faifai ke bayarwa. Yawancin tsofaffin waƙoƙin an sake gyara sautinsu an ƙara masa ƙarfi har ganga da jita suka cakuɗe. Tsohon bugu yana numfashi. Kuma ranar da kamfani ya ga dama ya cire waƙar daga wayarki, ki kai ƙara wurin wa? Amma kan shago kin yi gaskiya, sai dai bugun Japan na 1986 ba a tsintarsa a kanta kamar burodi.

Bashari B6:
Ai shi ya sa. Na zagaya shaguna fiye da shekara ban samu ba. Mutumin kuma ya turo mini hotuna, har da obi ɗin a jiki. Ya san harkar sosai, mun yi hira kusan awa biyu kan Iron Maiden. Bai yi kama da macuci ba. Wataƙila mantawa ya yi bai sa ba.

Kawu Na-Hamburg:
Karo na uku: ta ina ka biya?

Bashari B6:
Ta PayPal, amma ya ce in zaɓi na 'yan'uwa da abokai don kar a cire masa kaso, shi kuma ya rage mini fam 10.

Kawu Na-Hamburg:
Innalillahi. Da na sayen kaya ka zaɓa, da kana da damar shigar da ƙorafi. Wanda ka zaɓa kyauta ce ka ba shi, babu wata kariya. Ka sayar da fam 95 a kan fam 10.

Zee Manchester:
Ya gwada kiran bankinsa dai, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Abu Zongo:
Ni har yanzu ban gane ba, faifan yana kiɗa ko ba ya yi?

Bashari B6:
Yana yi, Abu, sautin ma garau. Kawu, na gwada da hoton Discogs, haruffan farko sun yi daidai, na ƙarshen ne ba na gani. Zan ari gilashin ƙara girma a wurin aiki. Mutumin ya karanta saƙona ɗazu, bai amsa ba, amma ya sa wani faifan Judas Priest bugun Japan, wannan da obi ɗinsa, fam 60. Ina tunanin in na nuna ina so zai kula ni, sai in yi masa maganar na farkon. Masu kwalin kuma sun ba ni zuwa Juma'a.

Maman Ilham:
Ka faɗa mata?