Tambaya: yaya cikin ƙashin mutum yake a ƙarƙashin madubin likita?

Ɗalibi daga Jega:
Assalamu alaikum. Malamai, na ji an ce ƙashi rayayye ne, alhali a ido kamar dutse yake. Idan an yanka shi siriri aka duba da madubin likita, me ake gani?

Malamin kimiyya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ka taɓa yanka albasar Aliero ta tsakiya? Haka ƙaƙƙarfan ɓangaren ƙashi yake, zobe cikin zobe, kuma a tsakiyar kowane rukuni akwai 'yar kafa da jijiyoyin jini ke bi, wadda aka sa wa sunan Clopton Havers, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1691. Tsakanin zobban akwai ƙananan ramuka da ƙwayoyin halitta ke zaune, suna samun abinci ta siraran hanyoyi. Can ciki kuwa ƙashin kamar soso yake, kuma ɓargo ne ya cike ramukansa.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu:
Malam ya yi bayani. Abin da zan ƙara shi ne, wasu ƙwayoyin suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo, shi ya sa karaya ke haɗewa. Mai ɗori daidaitawa kawai yake yi.

Ɗalibi daga Jega:
To, Malam, daga ina taurin yake?

Malamin kimiyya:
Daga sinadaran kalsiyam da fosfet da ke kwance a kan zaren kolajin, wani furotin mai tanƙwaruwa. Jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan kal na kwanaki, kalsiyam zai narke, ka tanƙwara shi da yatsu.