Maigidana ya riƙe min albashi saboda alat na bogi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibi ne ni, aji uku a jami'a nan Kano. Daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa tara na dare ina zama a wani shagon POS, ana biyana naira 25,000 a wata. Wata bakwai ke nan, ba takarda, da baki muka yi magana. Watan jiya wani ya zo dab da magariba, ga layi, ya nuna min alat a wayarsa, na ƙirga masa 18,000. Ashe na bogi ne. Maigida ya ce a albashina zai cire, kuma har yau ko ragowar 7,000 ɗin bai ba ni ba, ga rajista ta ƙarato. Abokina kuma ya ce ai 70,000 doka ta ce a biya ni. Ya zan yi?

Wani ɗan'uwa: Ka yi haƙuri kawai, ai kai ka yi sakaci. Wa ke ba da kuɗi bai duba injinsa ba?

Wata lauya: Ƙanena, maganar 70,000 ka ajiye ta. Gaskiya ne an mayar da mafi ƙarancin albashi haka a 2024, amma dokar ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin 'yan sa'o'i irin naka.

Inda kake da ƙafar tsayawa shi ne yankan. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana maigida cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ko da sakacinka ne ya jawo asarar, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma abin da hankali zai ɗauka. Ba shi zai zama mai ƙara kuma alƙali ba. Rashin takarda ma laifinsa ne: sashe na 7 ya ɗora masa ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. In kuma ya fusata ya ce ka tafi, mai wata bakwai yana da haƙƙin sanarwar mako ɗaya ko kuɗinta.

Wata 'yar'uwa: Ni ma na taɓa zaman shago ina aji biyu. Ka tura masa saƙo a WhatsApp cikin ladabi, ka ambaci watan da adadin kuɗin. Amsarsa ita ce shaidarka. Alat ɗin albashin baya ma kar ka goge. Sannan ka ɗauki wani babba da yake jin nauyinsa ku je tare, sau da yawa a nan ake gamawa.

Lauyar: Haka ne. In ya ƙi, ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su kira shi sulhu. Kotun Ma'aikata tana nan, amma a kan 25,000 kuɗin mota kaɗai zai gajiyar da kai.

Mai tambaya: Na gode Anti. Yayan babana ya san shi a masallaci, gobe bayan la'asar za mu je.