"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": ya dace da tsohuwar nan?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya na kalli Wild River, fim ɗin da Elia Kazan ya yi a 1960. Hukumar raya kwarin Tennessee, wato TVA, wadda gwamnatin Roosevelt ta kafa a 1933, tana gina madatsar ruwa a kogin Tennessee na Amurka. Kowa ya sayar da filinsa ya tashi, saura wata tsohuwa, Ella Garth, ta kafe a tsibirinta ta ce ba inda za ta. Tunda na gama kallo wannan karin maganar take yi min yawo a kai. Na yi daidai?

Malam na Zaure: Ka ɗan kauce, ɗana. Ana faɗarsa ne idan na waje ya zo yana koya wa mutum damuwarsa. Maganar sani ce, ba maganar mallaka ba. Kuma ka tuna yadda fim ɗin ya buɗe: wani mutum yana ba da labarin yadda ambaliya ta cinye masa iyali. Ɗakin nan na kwarin gaba ɗaya ne, yoyon ma na kowa ne.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, to ai nata yoyon ba ruwa ba ne. Sai da ta kai ma'aikacin hukumar maƙabartar gidansu ta nuna masa inda mijinta yake kwance. Shi lantarki yake lissafi, ita kabari.

Inna Mai Fura: Ni wurin karen ne ya tsaya min. Ta kira wani dattijo cikin masu yi mata aiki a gona, ta ce dole ya sayar mata da karensa. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Ta matsa, ya ƙi. Sai ta juya ga ɗan gwamnati, wato ka gani, ba a ciniki dole. Wallahi sai da na tafa. Amma fa ita ma ba waliyiya ba ce, baƙaƙen fatar da ke mata noma a bukkoki suke, ba wuta. Nasu yoyon wa ya tambaya?

Bayaure: Inna kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, aka tashi mutum sama da 40,000. Kakata tana cikin waɗanda aka sauya wa mazauni. Gidan siminti aka ba su, mai kyau a ido, amma har ta rasu tana cewa ɗakin zafi gare shi kamar tanda, kuma ba inda za ta ɗaure akuya. Wanda ya zana gidan bai taɓa kwana a ciki ba. Malam, a nan ma karin maganar bai zauna ba?

Malam na Zaure: A nan kam ya zauna daram, domin ta san abin da injiniya bai sani ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi hujjar ƙin tashi.

Ɗan Fagge: To ita Ella ai an fitar da ita a ƙarshe, aka sa ta a sabon gida, ba a daɗe ba ta mutu. Ko "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" zan ɗauka?

Inna Mai Fura: Wannan kuma na wanda ya tafi da ƙafarsa ne, ɗan nan. Ita fitar da ita aka yi.