Zanen bango kan sare daji da ƙarewar namun dawa: gawayi zai zauna kuwa?

Matashi Mai Zane, Garwa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. An ba ƙungiyarmu katangar siminti ta wata makaranta, tsawo mita 12, tsayi mita biyu da rabi, mu yi zane kan sare daji da ƙarewar namun dawa. So nake in yi da gawayi, tunda shi ke cinye itatuwan. Zai zauna a bango? Kuma waɗanne dabbobi suka cancanci shiga?

Baba Mai Fenti:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara duba inda katangar ta sa gaba. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, bangon da ke kallon gabas shi ke shan duka. In sabon shafe ne, ba shi kwana 28, in ba haka ba gishirin siminti zai fito fari-fari ya ture fentin. Kankare da burushin waya, wanke, bari ya bushe, sannan farin fentin ruwa shafi biyu. Lita 8 za ta isa. Aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma, don bango in ya ɗau zafi fenti na bushewa kafin ya kama, daga baya ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Gawayin kuwa, daka shi a turmi, ka tankaɗe da ƙyalle. Jiƙa kofi ɗaya na ƙaro cikin kofi biyu na ruwan ɗumi ya kwana, ka tace, ka kwaɓa. Baƙinsa ya fi na kanti taushi a ido. Sai dai ƙaro ruwa ke narkar da shi, ruwan farko zai fara wanke maka aiki.

Malamin Daji, Marwa:
Ƙanena, kada ka kwafo dabbobin Kenya daga intanet, namu sun ishe ka. Raƙumin dawa na gandun dajin Waza da ke arewacin Kamaru, mai zane-zanen da ba sa sauka ƙasa da gwiwa sosai, ga gwanki, mariya da jimina. Ga giwayen gandun dajin Buba Njida, waɗanda mafarauta a kan dawakai suka kashe ɗaruruwansu a 2012. Ga kuma baƙin karkanda na yamma: arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe, an neme shi a 2006 ba a samu ba, a 2011 aka ayyana ya ƙare a duniya.

Itatuwan ma a zana su yadda za a gane su: ƙirya, wadda masu gawayi da maƙera suka fi nema, marke, aduwa, gawo. Yi zanen a takarda, raba shi gida-gida na santimita 5, kowane gida ya zama santimita 50 a bango. Kada a manna fata, ƙaho ko haure na gaske. Doka ta hana riƙe na dabbobin da ake karewa.

Yaya Mai Rini:
Abin da Baba ya kira matsala, ni a ganina shi ne aikin. Zana itatuwa da sauran dabbobi da fentin waje mai jure ruwa, karkandan kaɗai ka yi shi da gawayi da ƙaro, girmansa na gaske, kimanin mita ɗaya da rabi a kafaɗa, yaro ya tsaya kusa ya auna kansa. Gama shi a watan Maris. Ka ɗauki hoto duk Juma'a daga wuri guda, ka sa alama a ƙasa da dutse, har zuwa Satumba. Yaran za su ga yana dushewa da idonsu. Ka zagaye jikinsa da siririn layin fenti, gurbin ya rage.

Roƙona ɗaya, kada ka zana mace mai ɗauke da itace a matsayin mai laifi. Buhunan gawayi da ke shigowa gari a kan babura, tukwanenmu suke zuwa. Zana kututture, buhu da murhu a jere.

Matashi Mai Zane, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Katangar gabas take kallo, Baba, ke nan karkandan ba zai kai Agusta ba. Gobe zan je kasuwa neman ƙaro.