Murrow a dandamali: ɗan jarida ne ko alƙali?

Ɗalibar jarida: Salamu alaikum. Na kalli wasan Good Night, and Good Luck da CNN ta haska kai tsaye daga Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta birnin New York, a Yunin 2025, inda George Clooney ya fito a matsayin Edward Murrow, ɗan jaridar tashar CBS. Ni a ganina wasan nan ɗaukar ɓangare yake koya mana. A aji cewa ake kada ɗan jarida ya zama alƙali, amma Murrow a shirinsa na 9 ga Maris 1954 ai hukunci ya yanke wa Sanata McCarthy, ɗan majalisar Amurka da ya yi suna wajen zargin mutane da bin aƙidar gurguzu.

Tsohon edita: Wa alaikumus salam, 'yata. Da bakin wa aka yanke hukuncin? Faifan jawaban McCarthy ya ɗauko ya jera, mutumin ya tona wa kansa asiri. Ya kuma ba shi fili ya rama, ranar 6 ga Afrilu McCarthy ya zo ya ɓige da zargin Murrow da hulɗa da 'yan gurguzu. Ko a wasan, babu wanda ya taka rawar sanatan, shi ɗin ne ake nunawa a allo.

Mai gabatar da shiri: Baba, da girmanka, jera faifai ma zaɓi ne. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin tace murya ya san almakashi na iya mayar da malami wawa.

Tsohon edita: Gaskiyarka. To amma kafin nan, a 1953, an so a raba Laftanar Milo Radulovich da kakinsa na sojan sama saboda zargin da ake yi wa mahaifinsa da 'yar'uwarsa, a kan hujjar da aka ƙi nuna masa, Murrow kuma ya kawo labarin a shirinsa. Ka gaya mini yadda za a raba wannan labari biyu daidai.

Malamin tarihi: Ni ƙorafina daban ne. Wasan ya ba Murrow fiye da rabonsa. Zaman bincike tsakanin McCarthy da rundunar soja, wanda ABC ta haska daga Afrilu zuwa Yunin 1954, shi ya karya lagonsa, kafin Majalisar Dattawa ta tsawata masa a Disamba da ƙuri'a 67 da 22. Dandamali gwarzo guda yake so.

Ɗalibar jarida: Malam, na karɓi wannan. Amma Baba, da a ce wani mai fili irin na Murrow ya yi wa ɗan siyasar da kake ƙauna haka, za ka kira shi jarumi?

Tsohon edita: Zan fara duba ko ya ba shi rabin sa'arsa ta ramuwa tukuna.